BABI NA UKU: LIFIDI DA YADDA AKE HAƊA SHI A ƘASAR ZAZZAU

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi magana a kan ganuwar birnin Zariya da ƙofofinta, irin su Ƙofar Doka da Ƙofar Kuyambana da Ƙofar Gayan da Ƙofar Kona da kuma Ƙofar Kibo, wadda ake kira Ƙofar Tukur-Tukur. Ganuwa kariya ce ga wanda yake cikin gari. Da zarar mayaƙi ya fita ta ƙofa, to ganuwa ta gama yi masa rana, sai kuma abin da ya ɗaura wa jikinsa da dokinsa. Wannan babi zai duba ɗaya daga cikin irin waɗannan kayan kariya, wato lifidi.

Sunan Ƙofar Kibo kansa yana tuna wa mai sauraro kalmar "kibau", wadda tsohon jam'in kibiya ce, domin kuwa a bakin Hausawa "au" takan koma "o", kamar yadda ake cewa "sau ɗaya" ko "so ɗaya". Wannan ya yi daidai da abin da babin yake son tabbatarwa, wato an tsara lifidi ne domin ya tare makami guda, kibiya mai dafi, kuma ba a maƙera ake yin sa ba. Aiki ne na manomin auduga da mai kaɗi da masaƙi da maɗinki. Idan aka riƙe waɗannan abubuwa biyu, za a gane dalilin siffarsa, da dalilin ƙarancin masu sa shi, da kuma dalilin da ya fitar da shi daga fagen fama.

3.1 Ma'anar Lifidi da Shigowarsa

Lifidi tufa ce mai kauri wadda ake cusa wa auduga a tsakanin ƙyalle biyu, a bi ta da ɗinki, a sa wa doki da mahayinsa lokacin yaƙi. Jam'insa lifida, masu sa shi kuwa su ne 'yan lifida. Masana harshe suna mayar da kalmar ga "libd" ta Larabci, wadda take nufin curarren gashi irin wanda ake shimfiɗawa a ƙarƙashin sirdi. Ke nan sunan baƙo ne, kuma kasancewar ana amfani da irin wannan tufa a Barno da Bagarmi har zuwa Sudan yana nuna cewa ta gabas ta biyo. Denham, wanda ya zauna a Barno daga 1823, ya kawo hoton wani mai mashi na Sarkin Bagarmi, shi da dokinsa cikin lifidi, a littafin tafiyarsu da aka buga a 1826.

Madogara mafi daɗewa game da shigowar lifidi ƙasar Hausa ita ce Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908. Littafin ya nuna cewa Sarkin Kano Kanajeji, wanda bisa lissafin Palmer ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ne ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke, saboda yawan mutanen da ya rasa a yaƙinsa da Umbatu. Bayan haka ne ya juyo kan Zazzau. A karon farko ya sauka a Turunku, Zazzagawa suka fito suka kore shi. A karo na biyu ya sauka a Gadaz, aka kashe Sarkin Zazzau, Kanajeji ya zauna kusa da Shika wata takwas.

Akwai abubuwa biyu da ya kamata a lura da su a nan. Na farko, Zazzagawa sun ga lifidi a fagen fama tun farkon ƙarni na 15, wato tun kafin hedikwatar ƙasar ta bar Turunku ta dawo inda birnin Zariya yake a yau. Na biyu, wanda masu kawo wannan labari sukan tsallake, shi ne rundunar da ta riga ta mallaki lifidi ita ce aka kora a Turunku. Haka kuma bai kamata a ɗauki shekarun Palmer kamar yankan wuƙa ba, tun da an rubuta Tarihin Kano ne a ƙarshen ƙarni na 19, shekaru kusan 500 bayan abin da yake bayarwa.

3.2 Kayan Haɗi

Ko da yake sunan baƙo ne, kusan duk abin da ake buƙata domin haɗa lifidi ana samunsa a cikin ganuwar Zariya ko a ƙauyukan da suke kewaye da ita. Ƙasar Zazzau ƙasar auduga ce tun da daɗewa, kuma wannan ne ma ya sa Turawa suka kafa injin gurzar auduga a Zariya a farkon mulkinsu.

Aikin yana farawa ne daga hannun mata. Bayan an tsinko auduga da kaka, sai a gurje ta a kan dutsen magurji da siririn ƙarfe domin a raba ta da angurya. Daga nan sai a shiɓe ta da bakan shiɓa har ta tashi ta yi laushi, sa'an nan a kaɗa ta da mazari, mai kaɗin tana shafa alli a yatsunta. Zare iri biyu ake fitarwa: siriri mai ƙarfi wanda ake ja a tsaye, da kuma abawa, mai kauri, wadda ake gittawa. Masaƙa maza su ne suke mayar da wannan zare ƙwarya-ƙwarya, wato dogayen ƙyallaye marasa faɗi, waɗanda sai an jera su an haɗa da allura kafin su zama zane. Wanda za a rina sai a kai shi marina a tsoma a baba. Jan ƙyalle mai haske irin mulufi kuwa fatake ne suke kawo shi ta hamada, saboda haka yawansa a jikin lifidi alama ce ta ƙarfin mai shi.

Abu na biyu shi ne abin cusawa, kuma a nan ne rimi ya shigo. Duk wanda ya san Zariya ya san ta da rimaye, har akwai unguwannin da aka sa wa suna da su, kamar Rimin Tsiwa da Rimin Doko. Clapperton, wanda ya ratsa garin a 1826, ya ambaci dogayen itatuwan da ake hangowa a cikinsa. 'Ya'yan rimi sukan bushe su fashe da rani, audugarsu ta fito. Audugar rimi ta bambanta da ta gona ta hanyoyin da suka shafi wannan aiki ƙwarai. Silinta gajere ne mai santsi, saboda haka ba ta kaɗuwa, ba a yin zare da ita. Amma cikin kowane sili rami ne mai iska, bayansa kuma yana da maiƙo. Wannan ya sa ba ta da nauyi, ba ta saurin shan ruwa ko gumi, kuma idan aka danna ta takan sake tasowa. Abin da ya hana ta amfani a wurin masaƙi shi ne ya sa ta dace da mai lifidi, domin yana iya samun kauri mai yawa ba tare da ya karya bayan doki ba. Akan kuma yi cushe da audugar gona da tsummoki. Aibin audugar rimi guda ne, amma babba: tana kama wuta nan take.

3.3 Yanka da Ɗinki

Ba a ɗinka lifidi a matsayin tufa guda. Yanki-yanki ake yin sa, kowane da inda yake rufewa, sa'an nan a ɗaure su da igiya ko tsinken fata a jikin mai sawa. Smaldone (1977) ya kawo sunayen sassan na mahayi, wato bantan lifidi, wanda yake rufe mara da cinyoyi, da safa da kumakumi, waɗanda suke rufe ƙirji da baya. A kai kuma akwai kwalkwali, wanda shi ma akan cusa masa tsumma a ciki, a ƙawata shi da gashin jimina. Na doki yakan rufe wuya da ƙirji da haƙarƙari da ɗuwawu, ya sauko har wajen gwiwa, a bar wurin sirdi da majayi da kuma inda ƙaimi zai taɓa.

Ga kowane yanki, maɗinki yakan yanka ƙyalle biyu daidai da juna, na waje da kuma shafi. Na waje sau da yawa haɗe-haɗen ƙananan ƙyallaye ne masu kusurwa uku ko huɗu, ja da baƙi da fari da rawaya, kamar yadda ake gani a lifidan da suka saura a fadoji da gidajen tarihi. Sai a shimfiɗa auduga a tsakaninsu, a bi da allura da zare mai ƙarfi, ana huda duka ukun, layi bayan layi, har a gama yankin. Daga ƙarshe a naɗe bakin a kashe shi, domin kada cushen ya riƙa zuba.

Wannan ɗinki na layi-layi shi ne ƙashin bayan aikin duka, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Idan aka cusa auduga a cikin buhu aka rataye shi a jikin doki mai gudu, kafin a yi nisa duk za ta zube ƙasa ta taru wuri guda, saman ya zama ƙyalle biyu kawai. Layin ɗinki shi ne yake tsare kowane ɗan kaso na audugar a inda aka sa shi. Bayan haka, ɗinkin yana matse cushen ya yi tauri. Idan layukan suka yi nisa da juna, lifidi zai yi laushi kamar matashin kai, kibiya ta ratsa shi. Idan kuma suka matsu ƙwarai, zai yi tauri amma kaurinsa ya ragu, ga shi kuma a daidai kan layin ɗinki ne tufar ta fi siranta. Gwanintar maɗinki ita ce sanin tsakaitawa tsakanin waɗannan biyu. Tun da da hannu ake yin kowane taku na allura, a kan tufar da za ta rufe doki sukutum, aikin ba na kwana ɗaya ko biyu ba ne. Yaƙi kuwa da rani ake fita, bayan an kawar da amfanin gona, saboda haka dole a yi ɗinki da gyara tun kafin lokacin, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Dalilin fifita kauri a kan tauri yana ga irin kibiyar da ake tsoro. Kibiyar wannan yanki ba ta da nauyi: kyauro ne aka dasa wa ƙarfe mai kunne, ba a sa mata gashi a gindi. Ƙarfinta ba a zurfin shiga yake ba, a dafi yake. Ana dafa dafin ne daga 'ya'yan kwankwani tare da wasu abubuwa, kuma aikinsa a zuciya yake, yana tsayar da ita. Ƙwarzane kaɗan ya isa ya kayar da mutum ko doki. Saboda haka abin da ake nema shi ne tufar da za ta riƙe bakin kibiya nesa da fata, ta kuma rufe wuri mai faɗi. Auduga takan nannaɗe kunnen kibiya ta rage masa gudu, har ya tsaya a ciki. Sulke, wanda zobba ne na ƙarfe da aka sarƙa, ya fi lifidi tare saran takobi, amma yana da ƙofofi, siririn baki yana iya leƙawa ta tsakanin zobban ya taɓa jiki. Shi ya sa ba a sa shi a kan fata tsirara. Ga shi kuma da tsada. Bivar (1964), wanda ya duba sulkunan da suke hannun masarautun Arewa, ya nuna cewa shigo da su aka riƙa yi daga waje, musamman ta ɓangaren Masar. Sarki zai iya sa a ɗinka masa lifida a gida, amma sulke sai abin da ayari ya kawo.

3.4 Kwatanci da Tufafin Yaƙi na Girkawa da Turawa

Ba Hausawa kaɗai ne suka dogara ga tufa a matsayin kariya ba. Girkawa na dā suna da rigar yaƙi ta lilin. Lilin zare ne da ake samu daga ɓawon karan wani tsiro, kamar yadda ake samun igiya daga rama. Hirodotus ya ba da labarin wata irin wannan riga da Fir'auna Amasis ya aika Isparta, wadda kowane zarenta aka murɗa shi daga sili 360. Fulutak kuma ya ce rigar lilin mai ninki biyu Iskandari ya sa a yaƙin Gaugamela, a shekara ta 331 kafin haihuwar Annabi Isa (AS).

Matsalar ita ce babu ko ɗaya daga cikin waɗannan riguna da ta kai zamanin nan, sai dai hotunansu a jikin tukwane da gine-gine. Wannan ya sa Aldrete da abokan aikinsa na wata jami'a a Amurka suka sake ƙera ta, suka buga sakamakon a 2013. Sun jera ƙyallayen lilin a kan juna, suna manne su da gam da aka dafa daga fatar zomo, har kaurin ya kai kimanin santimita 1, suka harbe shi da kibau irin na wancan zamani, suka ga yana tarewa. Gwajin ya tabbatar da cewa hakan yana yiwuwa, amma bai tabbatar da cewa haka Girkawa suka yi ba, domin babu wani tsohon rubutu nasu da ya ambaci gam. Wasu masana suna ganin ɗinke ƙyallayen aka yi.

A Turai ta tsakiyar zamani kuwa babu wannan jayayya, ɗinki ne. Dokar makamai ta Sarkin Ingila Henry II ta 1181 ta wajabta wa mazauna birane mallakar riga mai cushe da hular ƙarfe da mashi. Wata doka ta zamanin Louis XI na Faransa, wanda ya yi mulki daga 1461 zuwa 1483, ta ƙayyade cewa a yi rigar da ninkin lilin 25 zuwa 30 tare da fatar barewa. Ɗaya daga cikin sunayen irin wannan riga, "aketon", daga kalmar Larabci ta auduga ya samo asali, wato su ma, kamar Hausawa, a wurin Larabawa suka ari suna.

Daga wannan kwatanci za a ga hanyoyi biyu: jera ninki a kan ninki, da kuma cushe a tsakanin ƙyalle biyu. Lifidi yana cikin ta biyu. Ba za a ce rashin sani ne ya kawo haka ba. Ninki 30 na saƙar hannu a kan doki guda zai cinye zaren da mata da yawa suka daɗe suna kaɗawa, nauyinsa kuma ya wuce misali, alhali ga rimi yana zubar da audugarsa kyauta a bakin hanya.

3.5 Lifidi a Fagen Fama

Duk da rashin nauyin audugar rimi, cikakken lifidi kaya ne, ga kuma zafi. Ƙuru ba ya ɗaukarsa, sai ingarma, irin manyan dawakin da ake sayowa daga Barno da Azbin. Ɗan lifida ba ya hawa shi kaɗai sai zagage sun ɗora shi, idan kuma ya faɗo to tashi sai da taimako. Wannan ya sa 'yan lifida ba su taɓa yin yawa a runduna ba idan aka kwatanta su da barade da dakaru da 'yan baka. Galibinsu bayin sarki ne ko barorinsa, kayan ma daga fada suke fitowa. A tsarin sarautun Zazzau, Madaki ne shugaban mahaya baki ɗaya, amma 'yan lifida suna da nasu shugaba mai sarautar Lifidi. Aikinsu shi ne su tsaya kusa da sarki, su kuma shiga gaba inda ruwan kibau ya fi yawa, kamar bakin ganuwa ko ƙofa, su buɗe wa na baya hanya.

A ƙasar Zazzau amfaninsa yana da iyaka ta fuskar wuri. Yawancin hare-haren neman bayi da sarakuna suka riƙa kaiwa a ƙarni na 19 kudu suka nufa, inda mutane suke fakewa a kan duwatsu da cikin kurmi. Dokin da aka lulluɓe ba ya hawan dutse, ga kuma tsando mai sa wa dawaki sammore. A fili ma ba kullum yake cin nasara ba. A Tabkin Kwatto, cikin watan Yunin 1804, jama'ar Shehu Usmanu, waɗanda dawakinsu ba su wuce 20 ba, sun karya rundunar Sarkin Gobir Yunfa mai ɗimbin dawaki, kuma 'yan baka ne suka yi aikin.

Abin da ya fi bayyana iyakar lifidi shi ne abin da Clapperton ya gani da idonsa a watan Oktoban 1826, lokacin da rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ta kewaye Gobirawa a Konya. Ya kwatanta 'yan lifida da kwalkwalinsu mai gashin jimina, da yadda sai mutum biyu sun kama kafin ɗayansu ya hau. Da suka matsa kusa da ganuwa, bindiga guda da ke hannun mutanen gari ta kayar da na gabansu, harsashi ya ratsa lifidin gaba da baya. Kaurin da yake riƙe kyauro ba ya riƙe dalma.

Sarakunan Zazzau sun fahimci wannan. Smith (1960) ya nuna yadda Sarki Yero, wanda ya yi mulki daga 1890 zuwa 1897, ya tara rundunar 'yan bindiga daga cikin bayinsa, kuma da su Kwasau ya dogara bayansa. Turawa sun sauka Zariya a 1902, daga nan kuma rundunar Kanar Morland ta tashi a ƙarshen Janairun 1903 ta ci Kano ranar 3 ga Fabrairu da igwa da bindiga mai ruwa. Daga wannan lokaci lifidi ya koma kayan hawa. An fito da shi a babban hawan daba da aka yi wa Sarauniyar Ingila a Kaduna a 1956, da wanda aka yi a 1977 lokacin bikin FESTAC, kuma a Hawan Salla na Zariya da Kano 'yan lifida suna cikin ayarin sarki. Batun kwalkwali da sulke da garkuwa, waɗanda suka shafi maƙera da dukawa, shi ne abin da babi na huɗu zai duba.